Tukwane Masu Huji Uku

A sashen nazarin shuke-shuke na jami'ar babu wanda ya kai Baban Raga daɗewa. Shekara talatin da ɗaya yana kula da gidan raga, wato dogon ɗakin nan mai bangon waya da rufin roba da ke bayan ajujuwa, inda ɗaliban shekarar ƙarshe ke shuka abin da za su rubuta kundin digiri a kai. Shi ke ba da tukwane, shi ke tankaɗe ƙasa, shi ke buɗe famfo, shi ke rufewa. Ba shi da digiri, amma an yi digiri ya fi ɗari bakwai a gaban idonsa, kuma ya san yadda aka yi yawancinsu. Ya ga wanda ya shuka masara ya tafi abinsa, bai dawo ba sai da ta bushe ƙarau, duk da haka ya cika shafi arba'in da lambobi. Ya ga wadda ta auna ganye uku, ta ƙiyasta sauran daga bakin ƙofa don kada takalminta ya ɓaci. Baba bai taɓa kai ƙarar kowa ba. Yakan dai ce, "Allah ya shirya," ya ci gaba da wankin tukwanensa.

Ana saura wata takwas ya yi ritaya Allah ya haɗa shi da Mai Rula. Sunan da 'yan ajinsu suka sa mata ke nan, saboda wata rular ƙarfe da ba ta rabuwa da ita. Wasu 'yan matan in sun buɗe jaka madubi ake fara gani, ita kuwa rula. 'Yar siririya ce, ba ta da yawan magana, amma in ta fara tambaya gara mutum ya nemi wurin zama. Ranar farko ta tambayi Baba sau nawa aka tankaɗe ƙasar, daga ina aka ɗebo ta, me aka shuka a cikinta bara. Baba ya dube ta sama da ƙasa ya ce, "'Yata, digiri kika zo yi, ko bincikena aka turo ki?" Ta yi dariya, amma ba ta tafi ba sai da ya amsa duka ukun.

Aikin nata ba mai wuyar faɗa ba ne. Ta sha jin manoma na cewa in aka jiƙa irin wake a ruwan toka kafin a shuka, ya fi yin 'ya'ya. Shi take son ta gwada ta gani. Tukunya sittin: talatin na irin da ya kwana a ruwan toka, talatin na irin da ya kwana a ruwa zalla. Ranar shuka, tsofaffin tukwanen da ke hannu talatin ne cif, sai ta fara da su, ta shuka na toka. Kafin ta gama Baba ya je sito ya kwanto sababbi talatin, aka shuka na ruwa zalla. A ido duk ɗaya suke, baƙaƙen roba, girma ɗaya. Aka jera na toka a bencin hagu, na ruwa a bencin dama. Ta ɗauki fenti ta rubuta sunan kowane rukuni ɓaro-ɓaro a jikin bencinsa, da lamba ɗaya zuwa talatin a gaban mazaunin kowace tukunya.

Kowace Litinin da Alhamis, ƙarfe bakwai na safe, tana bakin ƙofa tana jiran ya buɗe. Sai ta durƙusa gaban kowace shuka, ta auna tsayi, ta ƙirga ganye, ta ɗauki hoto da waya, ta rubuta a littafi. Da biro take rubutu, ba ta taɓa fensir, wai don kada wata rana zuciya ta raya mata gogewa. Baba yakan tsaya da tiyo a hannu yana kallonta har ruwa ya cika masa takalmi. Yarinyar ta burge shi ƙwarai. Bai taɓa faɗa mata ba, amma a gida ya ishi matarsa da labarinta. 'Yan ajin sun ce saura ƙiris ta fita da daraja ta ɗaya, abin da sashen ya shekara shida bai gani ba, kuma makin kundin nan ne zai raba gardama.

Ranar Asabar ta farkon mako na uku, bututun da ya bi ta ƙarƙashin bencunan ya fashe. Baba kaɗai ke wurin, ruwa na tsartuwa har rufi. Ya naɗe ƙafar wando, ya fitar da tukwanen nan sittin ɗaya bayan ɗaya zuwa fili, na hagu a hagu, na dama a dama, kowane layi yadda yake. Mai gyaran famfo ya zo ya janye bencuna, ya haƙa, ya ɗaure, ya mayar. Ƙofar gaba ta zama taɓo har idon sawu, don haka Baba ya riƙa zagayawa ta ƙofar baya yana shigar da tukwanen. Sai bayan la'asar ya gama, bayansa kamar zai ɓalle, amma ransa fari tas, don ko ganye ɗaya bai karye ba. Ranar Litinin ya ba Mai Rula labari.

Ta ce, "Kowa ya koma mazauninsa, Baba?"

Ya ce, "Kowa da kowa."

Ta yi masa godiya har da rusunawa, ta ciro rularta.

Daga wannan makon na toka suka fara wuce na ruwa. Da can su ne a baya, sai ga su a gaba, kuma ba su sake waiwayowa ba. Da aka girbe aka ɗora a sikeli, sun fi da kusan kashi ɗaya cikin uku. Dokta, malamin da ke duba aikinta, mutum ne mai saurin murna. Ya riƙa yawo da jadawalin ofis-ofis, yana tare mutane a kan matakala yana sanar da su cewa ɗalibarsa ta gano toka sai a mako na uku take fara aiki. Aka buga kundi, aka yi masa koren bango da rubutun ruwan zinariya, kwafi biyar. Aka aika ɗaya ga baƙuwar farfesar da za ta zo daga wata jami'a ta jagoranci zaman kare kundi. Har Mai Rula ta kawo wa Baba ya ga shafin godiya, inda ta sa shi a layi na biyu, bayan iyayenta, gaban Dokta. Ya goge hannu a riga sau biyu kafin ya taɓa takardar.

Ana saura kwana tara a yi zaman, Baba ya shiga wanke tukwane don 'yan baya. Ya fara da bencin hagu, mai rubutun toka. Ya juye ƙasar tukunya ta farko, ya kifa ta, ya sa buroshi. Huji huɗu a gindinta. Bai kawo komai a ransa ba. Ta biyu, huɗu. A ta biyar hannunsa ya tsaya cak. Tsofaffin tukwanen huji uku gare su. Shi da kansa ya huda su da jan ƙusa shekara goma sha biyu da suka wuce, don ba huji aka kawo su. Sababbin ne masu huɗu, hudar kamfani. Kuma da idonsa ya ga an shuka irin toka a tsofaffi.

Ya bi bencin hagu yana kifarwa, talatin, duk huɗu-huɗu. Ya koma na dama, uku-uku. Ya zauna a kan bokiti. Sai a lokacin ya ga abin da ya yi ranar Asabar ɗin. Wanda ya shigo ta ƙofar baya, hagunsa shi ne daman wanda ya shigo ta gaba. Shekara talatin da ɗaya yana shiga ɗakin nan ta ƙofa ɗaya, ya daina karanta rubutun benci tun tuni, hannunsa ne ya san hagu da dama. Ke nan tun daga mako na uku yarinyar ke auna na ruwa tana rubutawa a shafin toka. Toka ba ta ƙara wa waken komai ba, baya ma ta ja shi. Kundin nan mai koren bango, daga babi na huɗu zuwa ƙarshe, a juye yake.

Ya dubi ƙofa, ba kowa. In ya haɗa tukwanen ya wanke ya jera a sito, magana ta mutu, don duk duniya babu mai sanin hujin tukunya sai shi. Yarinya ta samu darajarta, Dokta ya ci gaba da tare mutane a matakala, shi kuma ya tafi ritaya da sunansa na mutumin da bai taɓa ɓata wa ɗalibi aiki ba. Ba za a ɓoye ba, Baba ya ɗauki biyu daga hagu ya cusa cikin na dama da niyyar cakuɗawa. Ya tsaya yana kallonsu. Sai ya zare su ya mayar, ya kulle ɗakin, ya tafi gida da azahar, abin da bai taɓa yi ba.

Ya tarar da matarsa a baranda tana taka keken ɗinki.

"Lafiya, Malam? Ko sun gaji da kai ne sun sallame ka tun kafin lokaci?"

Ya zauna a bakin dakali ya kwashe labari ya faɗa mata. Ta ɗauke ƙafa daga keken.

"To, me kake jira?"

"In na faɗa, na kashe mata daraja. In na yi shiru, ba wanda ya cutu."

"Ba wanda ya cutu? Wata uku ka hana ni sakat a gidan nan, yarinyar nan kaza, yarinyar nan kaza, ba ta rubutu da fensir. Ita ta ƙi gogewa da hannunta, kai ne za ka goge mata a ɓoye?"

"Kin san fa za ta tsane ni."

"Ta tsane ka mana. Ni shekara nawa ina fushi da kai, ga ka nan da tumbinka ba abin da ya ragu. Tashi ka ci abinci. Gobe ka je ka faɗa mata da bakinka."

Abincin dai bai ciwu ba.

Washegari ya same ta a wani aji ita kaɗai, tana gwada jawabinta a gaban kujeru. Ya ce ta zo gidan raga. Bai yi kwana-kwana ba, ya ɗauki tukunya ɗaya daga kowane benci ya kifa a gabanta, ya faɗi abin da ya faru tun daga fashewar bututu. Ya shirya wa kuka, ya shirya wa baƙar magana, har ya shirya wa ta juya ta tafi. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ɗauki tukwanen ta ƙirga hujin da yatsa, ta ajiye.

"Baba, ba ƙaryata ka nake ba, amma sai na duba."

Ta zauna a ƙasa da fararen kayanta, ta buɗe littafin awo a cinya, waya a hannu. Ta kai rabin awa tana juya shafi, Baba na tsaye ya rasa inda zai sa hannuwansa. Can ta tsaya. A mako na biyu ta rubuta cewa fara ta cinye rabin ganyen shuka ta sha bakwai a bencin hagu, ga hoton ganyen. Ta matsa zuwa hotunan mako na huɗu tana ƙara girmansu ɗaya-ɗaya. Ga mai rabin ganyen nan zaune a bencin dama. Ta juyo masa da wayar.

"Gaskiyarka, Baba."

Sannan ta kifa kai a gwiwa ta yi kuka, marar sauti, kafaɗunta kawai ke motsi. Tausayi ya kama Baba har ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"Ki yafe ni, 'yata. Ni na ja miki."

Ta share fuska da gefen mayafi, ta jawo littafin ta nuna masa wani shafi. "Duba nan. Ranar Litinin ɗin na ga lambobin sun yi tsalle. Ga shi na rubuta 'abin mamaki', har na ja layi biyu. Wallahi da na toka ne suka faɗi a ranar, da na tayar wa kowa hankali sai na gano dalili. Da yake abin da nake so ne ya fito, sai na yi murna na wuce. Kai sau ɗaya ka yi kuskure, Baba. Ni mako biyar ina wucewa ta gabansa."

Baba ya ga ɗalibai iri-iri, amma bai taɓa ganin wanda aka miƙa wa mai laifi a hannu ya ajiye shi ya nemo nasa laifin ba.

Tare suka je ofishin Dokta, Baba da hula a hannu. Dokta ya saurara, ya miƙe, ya zauna, ya cire tabarau ya mayar.

"Wa da wa suka sani?"

Ta ce, "Mu uku, Malam."

Ya daɗe yana kallon rufi. Ba mugun mutum ba ne, tsoro ne ya kama shi, kuma yarinyar yake ji wa. "Saurara. Kundi ya riga ya tafi, doka ba ta yarda a canja ko waƙafi ba bayan an aika. Hanya biyu ce. Ko ki janye, ki sake gwaji, ki fita baɗi. Ko ki shiga ki kare abin da ke rubuce. Matar nan ba ƙirgar huji ta zo yi ba."

"Akwai ta uku, Malam. In shiga in faɗa mata abin da ya faru."

"Za ta iya kayar da ke nan take. An san ta fa. Bara mutum huɗu ta mayar a zama ɗaya."

"Na sani."

"Darajar fa? Shekara huɗu kina bin ta."

Ta ce, "Malam, in na tsaya na ce toka na ƙara wake, wata rana wani zai karanta ya je ya jiƙa irinsa. Ni kuma na san ba haka ba ne."

Dokta ya juya kan Baba. "Kai kuma Baba, da ka bar tukwanen nan da dattinsu har a gama kare kundin, me zai ci ka?" Baba ya sunkuyar da kai. Dokta ya ja dogon numfashi, ya ture takardun da ke gabansa gefe, ya jawo kujera kusa da tasa. "Kawo littafin. Zauna. In za a yanka mu, gara a same mu da lissafi daidai."

Kwana takwas suka yi a kai. Ta mayar da kowace lamba gidanta tun daga mako na uku, ta sake lissafi, ta sake zane, ta rubuta gyara shafi goma sha ɗaya. Ta roƙi Baba kada ya taɓa tukwanen, ya bar su a kife yadda suke. 'Yan ajin da suka ji ƙishin-ƙishin suka ce ai dama yawan karatu na taɓa ƙwaƙwalwa.

Ranar zaman aka shimfiɗa farin ƙyalle a dogon teburin ɗakin taro, aka jera gorunan ruwa. Malamai biyar a zaune, Shugaban Sashe a gefe ɗaya, Dokta a can ƙarshe yana ta goge gumi alhali fanka na kansa. A tsakiya baƙuwar farfesa, 'yar gajeriyar dattijuwa mai tabarau rataye da igiya, kundaye jibge a gabanta, kowanne da shafuka a naɗe. A baranda ɗalibai sun yi layi cikin kwat ɗin aro, wani hannun ya wuce yatsu, wani bai kai wuyan hannu ba. Baba yana bayan ɗaki wurin majigi, don shi ke kunna shi duk shekara. Mutum shida suka shiga suka fita. Na huɗu an tambaye shi ma'anar jadawalin da ke kundinsa, ya dube shi kamar yau suka fara haɗuwa.

Mai Rula ce ta bakwai. Ta yi gaisuwa, ta ajiye wa kowane malami kwafin gyaran, sannan ta ciro tukunya biyu daga leda ta kifa su a kan farin ƙyallen.

"Ranki ya daɗe, kafin in fara, sakamakon da ke babi na huɗu da na biyar ba daidai ba ne. A juye yake."

Shugaban Sashe ya yi wani tari da ba na mura ba. Farfesa ta sa tabarau.

"Ci gaba."

Minti goma ta yi tana bayani, Baba na canja hoto duk sanda ta ɗaga kai. Bututu, ƙofar baya, huji uku da huɗu, shuka mai rabin ganye a hagu, ga ta kuma a dama. Ba ta yi sauri ba, ba ta nemi tausayi ba. Da ta gama, Farfesa ta jawo tukwanen ta leƙa gindinsu, sannan ta buɗe kwafinta a wani shafi da ta naɗe, ja-jawur da biro.

"Tambayata ta farko ke nan da na zo da ita. Yaya shukar da ke baya za ta tsallake ta gaba cikin kwana huɗu? Na sha jin amsoshi masu daɗi a kan irin wannan. Ba a taɓa kawo min tukunya ba." Ta rufe kundin. "Amma kada ki ɗauka kin tsira."

Ba ta tsira ba kuwa. Sauran ɗaliban minti goma sha biyar aka ba su, ita sai da ta yi arba'in a tsaye. Me ya sa ta rubuta suna a benci ba a jikin tukunya ba? Ta ce kuskurenta ne. Me ya sa ba ta cakuɗa rukunan biyu a kan bencunan ba tun farko? Ta ce yanzu ta gane amfanin hakan. Me zai sa toka ta ja wake baya? Nan ta saki jiki, ta kawo dalili uku, ta faɗi wanda ta fi zato da abin da za a auna a tabbatar. Dokta ya daina goge gumi, har ya fara gyaɗa kai. Sai Farfesa ta ɗaga tsohuwar tukunyar.

"Wannan huji uku, waccan huɗu. Wadda ta fi huji ta fi zubar da ruwa. Ta yaya kika san toka ce ta ja su baya, ba hujin ba?"

Ko Baba bai kawo wannan ba, kuma shi ya kwanto tukwanen. Mai Rula ta dubi tukwanen biyu, sannan ta amsa.

"Ban sani ba, ranki ya daɗe. Gwajina ba zai iya raba su ba. Abin da zan iya tsayawa a kai kawai, ban ga shaidar cewa toka na ƙarawa ba."

Farfesa ta rubuta wani abu. Ba ta ɗago ba ta ce, "Wa ya juya tukwanen?"

"Lokacin gyaran bututu suka juye. Amma da na rubuta a jikinsu, ko sau goma aka..."

"Ba abin da na tambaye ki ke nan ba."

Yarinyar ta rufe baki, ta kafa ido a kan tebur. Baba ya gane ko za a kwana a nan ba za ta faɗa ba. Ya miƙe, kansa ya tare hasken majigi, inuwarsa ta rufe rabin jadawalin da ke bango.

"Ni ne, ranki ya daɗe."

Ta dube shi ta saman tabarau. "Wa ya gano?"

"Ni ne."

"Wa ya gan ka sanda ka gano?"

"Ba kowa."

Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Zauna, Baba. Kana tare mana haske."

Da yamma Shugaban Sashe ya fito baranda ya karanta sakamako. Mai Rula ta ci, da sharaɗin ta sake rubuta babi biyu cikin mako biyu. Amma maki mafi girma bai samu ba. Dokta ya zo ya sami Baba yana naɗe wayoyi, ya faɗa masa yadda aka yi a ciki. Shi da wasu malamai biyu sun roƙa, Farfesa ta ce makin na gwaji ne, kuma gwajin yana da rauni, ba za ta rubuta abin da ba haka ba bayan abin da yarinyar ta tsaya ta yi a gabanta. Daraja ta ɗaya ta kuɓuce da ɗan abin da bai kai a faɗa ba. Baba ya ji abin har cikin ƙashinsa.

Ya rungumi majigin ya bi ta gefen gini don kada su haɗu da Mai Rula. A ƙarƙashin bishiyoyi iyalai sun cika fili, ana ta ɗaukar hoto. Ya kusa shan kwana ya ji an ƙwala masa kira.

"Baba! Baba, tsaya!"

Ga ta nan tafe, idanunta sun yi ja amma tana murmushi, tana janye da hannun wata mata mai kama da ita sak, yayanta da ƙannenta biyu na biye.

Matar ta gaishe shi ta ce, "Kai ne Baban Raga? Ni ce mahaifiyarta."

"Ni ne, baiwar Allah. Ni ne na ja mata wannan asarar."

"Ta faɗa mana tun ranar. Babanta ya so ya zo da kansa, ciwon ƙafa ya hana shi. Ba zan ɓoye maka ba, daraja ta ɗayan nan ya ƙwallafa rai a kanta, kwana biyu ya yi ba ya yi wa kowa magana a gida. Shi ne ya ba ni saƙo, ya ce in tambaye ka abu ɗaya. Da 'yar cikinka ce, za ka faɗa mata?"

Baba ya tuna tukunya biyun nan da ya cusa cikin 'yan'uwansu, ya auna tambayar da gaske, don ba ya son ya yi wa mutumin da bai taɓa gani ba ƙarya.

"Da na sha wuya kafin in faɗa. Amma da na faɗa mata."

Matar ta gyaɗa kai. "To, ya ce in haka ka ce, in yi maka godiya. Ya ce mutane da yawa sun koyar da ita a makarantar nan, kai ne ka riƙe ta 'ya."

Mai Rula ta karɓe majigin daga hannunsa ta miƙa wa yayanta, ta jawo shi tsakiyarsu, tsakaninta da mahaifiyarta. Sau uku ƙanwarta na cewa ya ɗago ya dubi waya, shi kuwa yana ta share ido da hula.